Warkin Alhajin Daji

Da sanda Zinariya ta ɗago shi daga ƙasan adaka, don ta rantse hannunta ba zai taɓa shi ba. Ta miƙo shi ta ƙofar ɗaki tana kau da fuska, kamar mai fitar da mushen ɓera.

"Ga kayanka, Alhaji. Allah dai ya sa kajina su kwana da rai."

Kabo, mijinta, ya karɓa da hannu biyu. Warki ne na fatar barewa, irin wanda maharba ke ɗaurawa a gindi in za su shiga daji. Hayaƙi da kitse da gumi sun mai da shi baƙi ƙirin, kuma tun da aka ɗinka shi ruwa bai taɓa shi ba sai na sama. Ya baza shi a kan turmi. Akuyar da ke ɗaure a gindin darbejiya ta ɗaga kai, ta shinshina, ta koma can ƙarshen igiyarta ta tsaya.

"Yauwa! Wannan shi ne abin da nake nema," in ji Maharazu, yana toshe hanci da hankici.

Maharazu ɗan Kano ne, wakilin wani babban kanti a Ikko da ke sayar wa baƙi kayan fata. Ya tara suma kamar kwando, wandonsa kuwa ƙafa ɗaya ta isa a yi wa yaro riga. Ya zo da kyamara a wuya da magana guda a baki. Baɗi za a yi gagarumin biki a Ikko, baƙi za su zo daga ko'ina a duniya, kantin kuma yana son duk jakar da Kabo zai iya ɗinkawa. Sharaɗin dai shi ne a ɗaura wa kowace jaka ɗan kati mai hoton wanda ya yi ta, kuma ba hoton Alhaji da babbar riga suke so ba. Masu babbar riga sun cika Ikko, har a layin siminti ma akwai su. Mutumin daji suke so, da warki da kwari da baka.

Abin nan ya yi wa Kabo ciwo, don ba abin da ya tsana a duniya kamar kalmar nan, daji. Shekara goma sha wani abu ke nan da ya fito daga jejin bayan Kongolam da fatun namun daji a kafaɗa, yana bin ƙofofin majema a Daura. Da aka yi wani babban fari, namun daji suka ƙare, shanu suka yi ta faɗuwa, fata ta zama abin zubarwa, shi kuwa ya yi ta tarawa. Dukawan gari, waɗanda suka gaji aikin fata kaka da kakanni, suka ƙi yi masa aiki, sai ya ƙetare iyaka ya ɗebo Damagarawa, ya saya musu kekunan ɗinki. Da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowane akawu ya ga bai cika mutum ba sai da jakar hannu, kowace malamar asibiti sai da takalmin fata. Kabo ya sayi a-kori-kura, ya gina soro, ya je Makka ya dawo da haƙori. Kafin ya tafi ana ce masa Kabon Daji. Da ya dawo aka gyara, aka koma ce masa Alhajin Daji.

Bai taɓa cewa komai ba. Amma duk bikin sunan da aka yi ko ɗaurin aure a unguwa, idan aka zo rabon goro aka ce ga na malamai, ga na maƙera, ga na dukawa, sai ka ga ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Nasa goron kullum cikin na baƙi yake fitowa. Mutumin da zai iya sayen huhun goro ya ba akuya, ƙwaya ɗayar nan ta dukawa ita ce ta hana shi barci. Ya yi aike, ya yi gaisuwa, ya yi zarya har takalminsa ya san hanya, duk don a sa shi cikin dukawa, sai ga shi jiya Sarkin Dukawa Badaru ya aiko cewa yau bayan azahar zai zo da kansa ya ba shi amsa.

"Ka tabbata hoton nan ba zai zo Daura ba?" Kabo ya tambayi Maharazu, karo na ba adadi.

"Haba Alhaji! Daga Ikko sai ƙasar Turawa. Wa ka sani a can?"

Kabo ya duba, bai san kowa ba. Ya sa aka rufe ƙofar zaure, aka ce wa masu ɗinki kada wanda ya leƙo cikin gida ko da gobara ce. Ya tuɓe riga da wando ya ba Zinariya, ya ɗaura warki. Tumbi ya ɗan yi gardama, amma igiya ta kai. Zinariya ta ɗauko kwari da baka daga bayan ƙyaure, ta tsaya tana duban bakan.

"Ikon Allah. Bakan da aka rataye tun kafin a haifi 'yarmu Hussaina, wa ke shafa wa tsirkiyarsa mai?"

Kabo ya yi kamar bai ji tambayar ba. Ya karɓi kayansa ya tsaya a jikin katangar bayan gida, inda ba a ganin kwanon rufi.

"Ja baka, Alhaji. Ɗaga kafaɗa. Rufe baki, haƙorin Makka yana ɓata mini hoto. Yauwa, haɗe rai kamar ka ga zaki."

"Ban taɓa ganin zaki ba."

"To, kamar ka ga mai karɓar haraji."

Kabo ya haɗe rai. Maharazu ya durƙusa, ya miƙe, ya hau turmi, ya sauko. Ana cikin haka warki ya soma zamewa daga kan tumbi. Kabo ya maƙale baka a hammata, ya ja igiya ya sake ɗaurewa, idonsa na kan kyamara. Aka yi ƙyas, aka sake yin ƙyas. Maharazu ya ce an gama, ya yi godiya, ya fita da sauri neman iska.

Kabo ya kai hannu zai kwance, sai hannun ya tsaya cak.

A gidan su Kabo ɗaurin warki iri biyu ne. Akwai na zaman gida, wanda ake soke bakin igiya kawai, in an ga dama a zare. Akwai kuma ƙullin fita, wanda ake yi in za a shiga daji, kuma tun kakanni ba a kwance shi sai jinin naman daji ya taɓa fatar. Da farko na zaman gida ya yi, da saninsa. Na biyun nan, da hankalinsa ke kan kyamara, hannu ne ya yi abin da ya saba.

Zinariya ta dubi ƙullin, ta dubi mijinta. Ita ma 'yar maharba ce, ba ta buƙatar bayani.

"Ka ƙulle," ta ce.

"Na ƙulle."

"To kwance mana. Wa ya gani? Kai fa Alhaji ne yanzu."

"Baffa Auta ya taɓa kwancewa."

"Me ya same shi?"

"Bai ƙara shekara talatin a duniya ba."

"Alhaji, Baffa Auta fa sai da haƙoransa suka zube kaf, jikokin jikokinsa ke fitar da shi rana."

"To ya mutu ko bai mutu ba?"

Zinariya ta yarda ya mutu. Ta kawo shawarar a yanka zabo. Kabo ya ce zabon da ke cin tsaki a hannunta ba naman daji ba ne. Ta ce akwai ɓera a rumbu, ya ce ɓeran rumbu ɗan gari ne, ya fi shi zama ɗan gari ma, don a nan aka haife shi. Ta nuna ƙadangare a kan katanga, ya ce kada ta raina masa sana'a. Shawara ta tsaya a kan ya zura riga, ya ja mota zuwa hanyar Kongolam, ya harbo ko da kurciya ce, ya dawo kafin azahar.

Yana neman makullin mota aka yi sallama a ƙofar gida. Sarkin Dukawa ne. Azahar ɗin tsofaffi ba ta jiran ladan, da zarar sun karya kumallo sun gaji da zama, to ta yi.

Tirƙashi! Zinariya ba ta tsaya salati ba. Ta cusa shi cikin wando, warki ya tattare ya yi tudu ta baya. Ta zuba masa 'yar ciki, ta ɗora babbar rigar shadda, ta kafa masa hula. Ta ɗauko kwalbar turaren da ya zo da ita daga Makka ta juye masa tun daga wuya har ƙafa. Suka tsaya suka shaƙa. Turaren ya yi iya ƙoƙarinsa.

"Kada ka zauna kusa da shi," ta ce. "Kada kuma ka yi gumi."

Sarki Badaru tsoho ne siriri, idonsa ya yi hazo, yatsunsa sun rine da jan karan dafi har abin ya zama launin jikinsa. Dattawan dukawa biyu ne suka rako shi, ɗaya na riƙe da buzunsa. Kabo ya durƙusa zai gaishe shi, warki ya yi ƙara daga ƙarƙashin shadda kamar tsohon ƙyaure. Ya yi tari ya rufe.

"Ranka ya daɗe, an zo lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya, Kabo. Kai mu mu ga wurin aikin tukuna."

Ya kai su rumfar da Damagarawa ke aiki. Kekuna na ta sukuwa, ga jakunkuna an jera, ga tumtum ja da kore an tula har rufi. Sarki ya ɗauki jaka ɗaya, ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya kai ta hanci, ya ajiye.

"Keke ya iya layi," ya ce.

Suka dawo zaure. Aka shimfiɗa wa Sarki buzu, Kabo ya je can bakin ƙofa ya rakuɓe, ya ce wai ya fi son iska. Aka kawo fura da nono. Rana ta take, kwanon rufi ya ɗau zafi, Kabo kuwa yana cikin warki da wando da 'yar ciki da shadda. Ya ji gumi ya taso daga ƙeya, ya gangara ta gadon baya, ya isa inda aka ce kada ya isa.

Sarki ya ajiye ludayi ya goge baki.

"Kabo, na zo da ƙafata ne don kada a ce aike na yi maka. Ba mu da abin faɗa a kan halinka. Ba ka taɓa cin haƙƙin kowa ba, gaisuwarka kuma tana isowa. Amma dukanci hannu ne. Kana da keke, kana da mota, kana da Damagarawa, Allah ya ƙara. Hannunka ne ba wanda ya taɓa gani. In na ba ka goron dukawa, gobe mai kantin da ke sayar da takalman roba zai zo ya ce shi ma a ba shi. Saboda haka muka zauna, muka duba, muka ga..."

Ya tsaya. Hancinsa ya motsa. Ya juya kai hagu, ya juya dama, kamar mai sauraron kiran salla daga nesa.

"Wa ya shigo da barewa gidan nan?"

Dattawan biyu suka dubi juna. Su tun ɗazu suke ji, kowa na zargin ɗan'uwansa.

"Turare ne, ranka ya daɗe," in ji Kabo. "Na Makka."

"Turaren na ji shi, yana sama. Na ƙasan nake tambaya."

Kabo ya duba ƙofa, ya ga a buɗe take, kuma ƙafafunsa sun san gudu. Amma ina zai je? An riga an hana shi goron, saura kalma ɗaya a ƙarasa. Kunya ta rufe shi har ya ji ta a tafin ƙafa, ga kuma wata irin gajiya, ta mutumin da ya daɗe yana riƙe ciki kada tumbi ya fito. Ya miƙe tsaye. Ya tattara shadda ya ɗora a kafaɗa, ya ɗage 'yar ciki, ya sassauta mazagin wando.

Ɗaya dattijon ya ce, "Subhanallahi." Ɗayan ya ja kwanon furarsa gefe.

"Matso," in ji Sarki.

Kabo ya matsa. Tsohon ya kama bakin warki, ya murza, ya lanƙwasa, ya sake. Ya kai fuska dab da shi ya ja numfashi mai tsawo, abin da ko akuya ta ƙi yi.

"Ba bagaruwa a jimar nan."

"Babu, ranka ya daɗe. Inda muke ba ta. Da ƙwaƙwalwar barewar aka murje ta, aka turara da hayaƙi."

"Wa ya jeme?"

"Ni."

"Ɗinkin fa?"

"Ni ne. Da jijiya, da tsinken ƙashi. Ina saurayi lokacin."

Sarki ya bi ɗinkin da yatsa tun daga wannan ƙugu har wancan, a hankali, yana zagaya Alhaji kamar mai tayin rago. Ya daɗe a wajen wani faci da ke gefen hagu, inda ƙahon gada ya taɓa yagewa.

"Ɗinkin ya karkace," ya ce.

"Ya karkace, ranka ya daɗe."

"Ko almajirina na bana ba zai yi wannan karkatar ba." Ya ja igiyar da ƙarfi, ɗinki bai motsa ba. Ya koma kan buzunsa ya zauna. "Amma hannu ne. Shekara nawa kana aiko mini da atamfa da sukari, ga abin da za ka nuna mini yana cikin wando? Ran Juma'a ka zo zaure. Goronka na nan."

Kabo ya durƙusa a yadda yake, shadda a kafaɗa. Ya yi ta godiya. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa, bai kuma ɓoye ba.

"Sai dai kowa a tabarmata da sunan da ake kiransa," Sarki ya ci gaba. "Akwai Galadima, akwai Madaki, akwai Turaki, duk da masu su." Ya ɗan yi tunani, hancinsa na motsi. "Kai ne Dajin Dukawa. Daga yau har 'ya'yanka."

"Allah ya taya riƙo, Daji!" in ji dattawan, baki ɗaya.

Kabo ya ce amin. Me zai ce?

Da suka tafi ya shiga cikin gida, ya tarar da Zinariya a bayan ƙofar zaure, inda ta ji komai. Ta rangaɗa guɗa ɗaya gajeriya, don kada maƙwabta su taru a kan warin.

"Barka, Daji," ta ce.

"Ke ma?"

"Sarauta ce, ni wa? Ga makullin mota. Ka je ka harbo abin da za ka harbo, don wallahi da wannan abin ba za ka hau mini gado ba. Ina dawowa da shi adaka, in sa kwaɗo, in jefa makullin a rijiya."

Bayan la'asar ya kama hanyar Kongolam, kwari da baka a kujerar gefe. Manyan motoci na ta wuce shi, shaƙe da siminti da buhunan shinkafa, suna danna ham. Inda ya san kurmi, ya tarar da katafila ta kwana. Inda ya taɓa kwanton gada, an kafa rumfar mai shayi da rediyo. Ya yi ta tafiya har kwalta ta rabu da gonaki, sannan ya saki hanya, ya bi wani burtali, ya tsaya a gindin wata tsamiya.

Ya tuɓe shadda da 'yar ciki da wando ya ninke, ya ɗora hula a kansu, ya ajiye takalma a ƙarƙashin kujera. Da tafin ƙafarsa ya taɓa yashi sai ya ji wani abu ya saki a ƙirjinsa. Ƙaya ta soke shi, ya zage ta da sunanta, kamar tsohuwar abokiyar wasa. Ya ɗebi ƙasa ya saki don ya ga inda iska ke bi, ya juya ya fuskance ta. Tumbi na gaba, amma ƙafafun ba su manta komai ba, ko ganye bai yi ƙara a ƙarƙashinsu ba. A nan ba wanda ya toshe hanci.

Bai yi nisa ba ya ga sawu, sabo, ya bi shi cikin sabara. Ga zomo nan a gindin wata geza, ƙato, ya juya masa baya yana cin ciyawa, kusa ƙwarai, ko Maharazu ba zai kuskure shi ba. Kabo ya zaro kibiya ya ɗora, ya ja tsirkiya har kunne. Sakin yatsa biyu kawai ya rage, jini ya taɓa fata, a kwance ƙulli, a koma mota a sa shadda, warki ya koma adaka, makulli ya tafi rijiya.

Ya tsaya a haka har kafaɗarsa ta soma zafi. Zomo ya ɗaga kunne, ya waiwayo, suka dubi juna. Ya yi tsalle ɗaya, ya yi na biyu, ba ma da sauri ba, ya shige sabara.

Kabo ya sassauta tsirkiya, ya mai da kibiya cikin kwari.

"Ya yi ƙanƙanta," ya ce, ko da yake ba mai jinsa.

Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ga da saura. Ya gyara zaman warki a ƙugu, ya ba mota baya, ya ƙara nutsawa ciki.